Yadda A Ke Haɗa Wa Firjin Mota Wuta Wadda Ba Ta Yankewa

A gundumomi da yawa akwai a-kori-kura wadda ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi su ke fita rangadi da ita, da ɗan firji a bayanta. Kukan da a ke yawan kawo wa hakimai a kan motocin nan iri biyu ne. Ko dai a kwana a ƙauye a wayi gari firji ya huce, ko kuwa firji ya kwana da sanyi amma mota ta ƙi tashi, sai an tara samari sun tura. Duka biyu tushensu ɗaya, watau firji yana shan wuta a inda bai kamata ba.

Abin ba na wasa ba ne. Galibin magungunan rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin Salsiyas, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu ya kan haura digiri 40. Maganin da zafi ya ɓata ba ya wari, ba ya sake kama. Sai a yi wa yaro allurar ƙyanda, uwa ta koma gida da murna, nan kuwa ruwan banza aka zuba masa. Sarakuna sun sha wahala ƙwarai kafin talakawa su amince da rigakafi, musamman tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, har Allah ya sa a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Amincin da aka samu da wannan wahala bai kamata ya zube saboda waya ɗaya ba.

Inda Kuskuren Ya Ke

Yawancin direbobi suna cusa wayar firji ne a ramin kunna taba da ke gaban mota. Ramin nan a motoci da yawa wutarsa na ɗaukewa da zarar an zare makulli. Wayarsa kuma siririya ce, ga shi gargadar hanya ta kan sa kan wayar ya zame ba wanda ya lura. Da direba ya gane haka sai ya tafi wurin mai gyaran wutar mota, a jawo masa waya kai tsaye daga batirin tayar da mota. To, a nan ne wahala ta biyu ta ke farawa.

Ga lissafin. Ƙarfin wuta ana auna shi da bolt, yawan wadda ke gudu a waya kuwa da amfiya. Firji mai cin lita 40 ko 50 yana jan wajen amfiya 4 sa'ad da injinsa ke aiki. Da bazara ya kan yi aiki kamar rabin lokaci, watau awa 12 a kwana ɗaya, 4 sau 12 kuwa 48 ke nan. Batirin tayar da mota ba don irin wannan aka yi shi ba. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa a cikin daƙiƙa kaɗan, sa'an nan inji ya mayar masa nan da nan. In ana tatsarsa dare bayan dare, ko ya tayar da mota yau, ba zai yi dogon kwana ba.

Batir Na Biyu

Magani shi ne firji ya sami batirinsa na kansa, irin wanda ke jure a sha shi a hankali a sake cika shi. Mai dalma wanda aka rubuta wa 100Ah ba a son a sha fiye da rabinsa, watau 50, abincin firji na kwana ɗaya ke nan. Na litiyam mai lamba ɗaya da shi ana iya shan 80 ko fiye, kuma bai kai rabin nauyinsa ba, sai dai tsada. Wurin ajiye shi bayan mota ne kusa da firji, a cikin akwati, a ɗaure tam. Mai dalma yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da ya ke caji, don haka kada a rufe shi inda iska ba ta ratsawa. Na litiyam kuwa ba ya shiri da zafin inji, kada a yarda a sa shi a can.

Tsakanin batiran nan biyu dole a sa na'urar da ke raba su. Aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne. In inji ya tashi wuta ta hau wajen bolt 13.3, sai ta buɗe, batir na biyu ya sami caji. In an kashe inji wuta ta sauka wajen 12.8, sai ta rufe, firji ya ci gaba da shan nasa, na tayar da mota kuwa ba abin da zai taɓa shi. Amma fa waɗansu sababbin motoci altanetarsu tana rage wuta da kanta don tattalin mai, sai na'urar ta riƙa rufewa ana cikin tafiya. Irin waɗannan, da duk motar da aka sa wa batirin litiyam, caja ta musamman su ke bukata, wadda a ke rubuta wa DC-DC a jikinta.

Waya Da Fis

Nan ne mai gyara ya kan so ya yi arha, nan ne kuma ya kamata malamin hakimi ya zuba ido. Wuta tana raguwa a hanya gwargwadon tsawon waya da sirantarta. Daga gaban mota zuwa bayanta wajen mita 6 ne, zuwa da dawowa 12. In an ja amfiya 5 ta siririyar waya mai kaurin milimita 1.5, bolt 0.7 zai salwanta a hanya. In mai kaurin 6 ce, asarar ba ta kai 0.2 ba. A ido bambancin kaɗan ne, amma firji yana da mai tsaro a cikinsa wanda ke kashe shi in wuta ta sauka wajen bolt 11, don kada ya cinye batir. Sai ya zamana batir da sauran wuta, firji kuwa yana ta mutuwa yana tashi, a ce ya lalace, alhali laifin waya ne. Saboda haka wayar caji daga gaba zuwa baya, mai ɗaukar amfiya 25, a sa mai kaurin 16. Gajeriyar da ke tsakanin batir na biyu da firji kuwa mai kaurin 4 ko 6 ta isa.

A lura kuma da wayar jabu da ta cika kasuwa, wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a mayar wa mai ita.

Fis kuwa waya ya ke tsarewa. In jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja wur, mota ta kama wuta, ko da makulli yana aljihun direba. Don haka a sa fis kusa da kan batir mai alamar tarawa, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Da ya ke doguwar wayar nan tana da batir a kowane kai, fis biyu ta ke bukata, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar mai amfiya 40 kowanne. Wayar firji ta sami nata mai amfiya 15. Direban da fis ya ƙone masa ya naɗa waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, wannan a tsawata masa tun da wuri, gama shi ne mai ƙona mota.

A bi da waya ta gefen ƙarfen ƙasan mota, a cikin bututun roba, nesa da salansa, a ɗaure ta kowace ƙafa biyu. Duk inda za ta ratsa huda a sa zoben roba. Baƙar waya ma a jawo ta har batirin gaba, kada a dogara da jikin bayan mota, domin fenti da tsatsa suna tare wuta.

Abin Da Malami Zai Duba

Ba sai mutum ya zama makanike ba. Kafin a biya kuɗin aiki, a kashe inji a zare makulli, a ga ko firji yana ci gaba. A bar shi ya kwana haka, da safe a murza makulli. In mota ta tashi a bugu ɗaya, an raba batiran daidai.

Daga nan malami ya ware shafi a littafin rangadi. Kowace safiya, kafin a tayar da inji, a auna batir na biyu da ƙaramar mita. Mai dalma in ya cika yana nuna wajen 12.7, rabi kuwa wajen 12.2. In an gan shi ƙasa da 12 kwana biyu a jere, ko caji ba ya isa ko batir ya tsufa. Motar da za ta yi kwana biyu ko uku a tsaye tana bukatar faranti mai karɓar hasken rana, mai wat 100 ko fiye. A rubuta sanyin cikin firji safe da yamma, a ajiye mota a inuwa, kada kuma a danne kafofin iskar firji da buhuna.

Sanyi ma yana ɓarna. Maganin sarƙe-haƙora da na ciwon hanta, da allurar nan mai haɗa cuta biyar, in sun daskare sun lalace. Don haka firjin mota bai maye gurbin akwatin sanyi da hukumar lafiya ta bayar ba, kuma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai faɗi abin da za a sa a ciki. Shi ne kuma zai duba tambarin da ke jikin kwalba, wanda murabba'in tsakiyarsa ke yin duhu in zafi ya taɓa magani. Ruwan sha da naman da aka ba 'yan rangadi kyauta a nema musu wani wuri.