Filin Shawara: Daktan Bayan Kemis

Anti, a Ushafa nake, kusa da wurin masu ginin tukwane. Akwai mai kemis a layinmu da kowa ke ce wa Dakta. Ɗana mai shekara biyu ya yi zazzaɓi, ya kwantar da shi a benci bayan shago, ya sa masa ƙarin ruwa, ya yi masa allura uku ba gwajin jini. Yanzu wurin allurar ya kumbura, yaron ba ya yarda a taɓa. Ƙanwata mai karatun jinya ta ce mutumin kwak ne. Maigida ya ce zagi ne, ta haɗa mai ba mu magani bashi da agwagwa. Yaya zan yi?
Maman yara uku, Ushafa

Ƙanwata, kafin komai, ki goya yaron nan zuwa Babban Asibitin Bwari yau ɗin nan, da kwalayen magungunan da aka ba shi. Kumburi mai zafi a wurin allura kan tara mugunya, kuma allurar da ta kauce a ɗuwawu tana iya taɓa jijiya ta nakasa ƙafa. Hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarki ba zagi ta yi ba. Kwak kukan agwagwa ne a bakin Turawa, kuma haka suke kiran likitan bogi. Asalinta kalmar mutanen Holan ce ga mai tallar man shafawa a kasuwa, baki ya fi magani ƙarfi.

Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne cikin kwalinsu, bai ba shi izinin allura ko ƙarin ruwa ba. Likita kuwa sai mai rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Farar riga ba shaida ba ce: a 2015 an kama wani a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, nan Abuja, ya shekara kusan tara yana aiki da takardun abokinsa.

Maigida kuma kada ki ja da shi, kunyar bashi ce ke cinsa, kuma alherin da aka yi muku gaskiya ne. Ki bari ya ci abinci, ki nuna masa kumburin ya gani da idonsa, ki ce, "Baban yara, mu biya bawan Allahn nan kuɗinsa, amma don Allah ka raka ni Bwari."