Bindiga ta Kwance, Hannu ya Ɗaure

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka sayi bindigar iska da kwamfuresa ka kafa a garejinka na Dutsi. Allah ya sanya albarka, ya sa ka ci moriyarsu. Na yi murna ƙwarai, don ka san irin wahalar da ake sha a kan notin tayar Kanta: a zura bututun ƙarfe a sifana, mutum ya hau da ƙafa yana tsalle, gumi na zuba. Yanzu aikin rabin sa'a ya koma na ƙiftawar ido. Sai dai akwai wurin da nake so ka sassauta hannu, wato aksul ɗin baya. Gara in faɗa maka tun ba a kawo maka na farko ba.

Mu fara da iskar kanta. Yawancin bindigogin nan masu bakin rabin inci an ƙera su ne su yi aiki a kan 90 na ma'aunin psi. Gejin tanki na iya nuna 120 ko sama da haka, wannan ba laifi ba ne. Abin lura shi ne iskar da ke isa bindigar a daidai lokacin da ka danna kunama, domin da zarar ta fara aiki allura na faɗuwa. Siririn tiyon masu faci ba zai wadatar da ita ba. Nemi mai faɗin milimita 10, kuma kada ya cika tsawo. Yara in sun ji bindiga ta yi sanyi sai su ruga su ƙara iska, alhali sau da yawa tiyo ne ya shaƙe ta, ko wata mahaɗa na yoyo. Iskar da ta wuce ƙima gudumar ciki take cinyewa. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tanki kowace yamma, musamman da damina, ka ɗiga wa bindigar ɗan mai ta mashigar iska kafin a fara aiki, da hunturu kuma ka rufe ta saboda ƙura. Soket kuwa baƙin nan mai kauri za ka sa mata. Farin mai ƙyalli na sifanar hannu ne, yana iya tarwatsewa ya sami idon yaro.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Lambar da ke kan geji awon iska ce, ba awon ɗaurin noti ba. Da iska ɗaya, bindiga ɗaya, za ka iya ɗaure noti biyu su fito daban, gwargwadon daƙiƙun da ka riƙe kunama, da tsatsa ko maiƙon da ke jikin zaren, da yadda tanki ya ragu. Duk wanda ya ce maka in ka sa iska kaza aksul zai ɗauru daidai, bai taɓa auna abin da ya ɗaure ba.

Dubi motocin da za su riƙa zuwa maka. Hilux ne da Hiace masu bin hanyar Shargalle zuwa Daura, da masu lodin kasuwar Mai'adua, da tsofaffin a-kori-kura Fijo 504 na kamfanin Kaduna da ya fara harhaɗa mota a 1975. Dukansu da ƙafar baya suke ja, kuma an laɓta musu buhunan gero da dabbobi har sun durƙusa. Duk ƙarfin injin ta farfela yake bi ya shiga finiyan, wannan ƙaramin giyan da ke juya babban giya mai zagaye. Notin da ke bakin finiyan ɗin shi ne inda nake jin tsoro.

Wannan noti ba riƙe ƙarfe kaɗai yake yi ba, shi ne ke ƙayyade yadda boris biyu na finiyan za su matsu. A motoci da yawa, har da Toyota, akwai wani ɗan zoben ƙarfe a tsakaninsu da ke lotsewa a hankali yayin da kake ɗaurewa. Ana tafiya da shi kaɗan-kaɗan, a ɗan ɗaure, a tsaya, a juya finiyan a auna nauyin juyinsa, a sake ɗan ɗaurewa. Kamar gishiri ne a miya, ana iya ƙarawa, ba a iya ragewa. In zoben ya lotse fiye da ƙima, sassauta notin ba zai mayar da shi ba, sai dai ka sake sabo. Bindiga kuwa ba ta san kaɗan-kaɗan ba. Cikin daƙiƙa biyu ta wuce wurin. Boris ɗin da ya matsu da yawa zafi yake yi ya ƙone, wanda ya yi sako-sako kuma shi ne kukan da direba ke ji idan ya ɗaga ƙafa daga totur. Ban da wannan, dukan gudumar bindiga na iya barin tabo a jikin boris, ko ya ɓantare haƙorin giya idan ba a riƙe komai ba. Motar za ta bar gareji lafiya ƙalau, sai bayan 'yan makonni ta tsaya da fasinja a daji.

Wajen kwancewa ka yi amfani da bindigarka, amma ka fara sa alama a noti da finiyan, ka ƙirga zaren da ya fito waje, ka kuma riƙe bakin da farfela ke ɗaurewa da doguwar sandar ƙarfe don kada dukan ya faɗa kan haƙora. Murafun boris na gefe biyu ka yi musu alamar dama da hagu, ba a musanya su. Kusoshin babban giya a wasu motoci zarensu na hagu ne, ka duba kafin ka danna kunama.

Wajen ɗaurewa kuwa sifanar awo ce, wadda ke yin ƙas idan ta kai ƙima, kuma lambar daga littafin motar za ka ɗauko ta. Kusoshin babban giya ana bin su ne a gicciye, ba a jere ba. Ratar da ke tsakanin haƙoran giyan biyu a Hilux ba ta wuce milimita 0.13 zuwa 0.18, abin da ido ba ya gani, sai agogon awo. Ka shafa ɗan fenti a haƙora ka juya, ka ga inda suke haɗuwa. Man giya mai GL-5 za ka zuba, kuma ka tabbata kusar zubawa ta kwance kafin ka taɓa ta tsiyayewa.

Na san direba zai tsaya a kanka yana cewa gobe kasuwa. Ka ba shi haƙuri, ka nuna masa zoben, ka gaya masa dalili. Yawancinsu suna ganewa idan an yi musu bayani da mutunci. Kuɗin farko da bindigar nan ta samo maka, ka sayi sifanar awo da su, ɗana, kuma kada ka bar yaro ya kusanci notin finiyan sai kana tsaye a wurin. Allah ya yi maka albarka.