Da Wane Ma'auni Ake Gane Daji Ko Tafki Yana Cikin Haɗari?

Wani mai karatu daga Gashuwa ya rubuto yana tambaya: yakan ji masana a rediyo suna cewa daji kaza ko tafki kaza yana cikin haɗari. Da me suke aunawa? Kuma idan tafki ya ratsa ƙasashe biyu, wannan ta ce lafiya lau yake, waccan ta ce ya kusa ƙarewa, maganar wa za a ɗauka?

Malam, na ji daɗin tambayar nan, domin ita ce ta daɗe tana damun masanan su kansu. Ka san yadda mudu yake bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, har mai saye da mai sayarwa su yi ta musu alhali kowannensu gaskiya yake faɗa. Haka aka daɗe ana yi a harkar muhalli, kowace gwamnati da nata mudun. Ko a cikin ƙasa ɗaya akan samu wannan saɓani. A Ostireliya sai da gwamnatin tarayya da jihohi suka ƙulla yarjejeniya a 2015 cewa za su riƙa awo da hanya guda, don abin da wannan ta auna sauran su karɓa.

Ma'aunin da duniya ta fi yarda da shi na ƙungiyar IUCN ne, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya mai hedkwata a Suwizalan. Tun 1964 take da jerin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, wanda ake kira Jan Jeri. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙidayar giwaye da zakuna ta wadatar, kuma ba laifinsu ba ne, don ita aka fi yayatawa. Amma fadama tana iya mutuwa alhali tsuntsayenta suna nan da rai a wata ƙasa. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar ta amince da wani jerin na daban domin tsarin muhalli, ma'ana wuri da duk abin da ke rayuwa a cikinsa, haɗe da ruwa da ƙasar da ke riƙe da su.

Tambayoyi biyar ake yi wa kowane wuri. Faɗinsa yana raguwa? Dama can ɗan ƙarami ne, wanda gobara ɗaya ko fari ɗaya zai iya gamawa da shi? Ruwansa da ƙasarsa suna lalacewa, kamar ambaliyar damina ta daina zuwa ko gishiri ya yi yawa? Zaman halittun cikinsa ya rikice? Ta biyar lissafi ne na kwamfuta, mai hasashen yiwuwar rushewarsa nan gaba. Ta huɗun nan kai ka fi ni ganinta da ido, ɗan'uwa, a fadamun Haɗeja da Nguru: ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsayi, kwalekwale ba ya iya ratsawa, inda ake noman shinkafa da kamun kifi ya zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wurin yana nan kore shar, wanda ya hango daga sama zai ce lafiya ƙalau, amma aikinsa ya canja.

Akwai kuma adadi tsayayye. Idan wuri ya rasa kashi 30 cikin 100 na faɗinsa a shekara 50, ana sa shi a sahun masu rauni. Idan kashi 50 ne, yana cikin haɗari. Idan ya kai kashi 80, haɗarin ya tsananta. Duk tambayar da ta ba da amsa mafi muni, da ita ake yanke hukunci.

Matakin ƙarshe shi ne rushewa, kuma ba yana nufin wurin ya zama fili fetal ba. Ana nufin ya tashi daga kamanninsa ya koma wani abu daban. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan shi ne misalin da aka fi sani. Daga shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga. Ruwa ya ja baya, gishiri ya kashe kifayen asali, yau a garin Moynak jiragen masunta suna zaune a kan yashi sun yi tsatsa. Har yanzu da sauran ruwa a wasu sassa, amma masana sun ce tsarin ya rushe.

Yanzu mu zo gida. Tafkin Chadi na Nijeriya ne da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma suna da hukumar haɗin gwiwa a kansa tun 1964. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, daga baya kuma ya ɗan farfaɗo. Wanda ya fara ƙirga daga 1963 zai ce tafki ya ƙare, wanda ya fara daga 1985 zai ce ƙaruwa yake yi. A ganina nan ne babban amfanin ma'auni guda yake, domin yana tilasta kowa ya yi awo a kan tsawon lokaci ɗaya, ya kuma kalli tafkin gaba ɗayansa, ba ɓangaren da ya faɗo cikin iyakarsa kaɗai ba.

Sai dai ka sani, jerin tsarin muhallin nan na IUCN ba doka ba ne, kowace ƙasa ita ke da ikon hana sare daji ko sakin ruwan dam. Amma a taron Montiriyal na Disamba 2022, ƙasashen duniya sun sa shi cikin manyan ma'aunan da za a riƙa duba ko sun cika alkawarin da suka ɗauka na kare halittu zuwa 2030.