Darasi: Fitilar Hazo a Jikin Akori-Kura

Darasinmu na wannan fitowa a kan motar da ke kai mu kara yake. Da yawanmu muna da akori-kura, da ita muke bin kasuwanni, mu ɗauko raguna da awaki, ko mu kai wa garken da ke bisa hanya dusa da harawa. Kowa kuma ya san tafiyarmu ta asuba ce. Wanda zai taso daga Damagaram ko Magarya don ya riski kasuwar Maigatari ranar Alhamis kafin ciniki ya kankama, tilas ya fita da duhu. To, daga watan Nuwamba zuwa Maris, duhun nan da hazo yake tafe.

Hazo ƙura ce mai laushi wadda iskar hunturu ke kwasowa daga Hamada, kaso mai yawa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. Idan direba ya kunna babbar fitila, wadda ake ce wa ful a Nijeriya, a Nijar kuma far, sai hasken ya bugi ƙurar ya dawo masa a ido, ya ga kamar an rataya farin ƙyalle gabansa. Saboda haka ƙara ƙarfin haske ba ya maganin hazo, sai ma ya ƙara makantar da mutum. A nan wasu ke yin asarar kuɗinsu, su sayi doguwar fitilar nan su ɗaura bisa kan mota, suna zaton fitilar hazo ce.

Ainihin fitilar hazo ƙasa-ƙasa ake ɗaura ta. Haskenta mai faɗi ne, a kwance, an datse shi daga sama don kada ya tashi ya dawo idon direba. Aikinta ta nuna maka bakin kwalta, da rami, da amalanken jaki marar fitila, da shanun da ke ƙetare hanya a burtali. Ba a yi ta don hangen nesa ba. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Na farko, saye. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ƙwan halojin, yawanci wat 55, mai araha, kuma in ƙwan ya ƙone ana samun wani a kowane gari. Akwai kuma LED, wadda ba ta shan wuta sosai kuma tana daɗewa, amma jabu ta yi yawa, wadda ke watsa haske ko'ina ba datsi. Kafin ka biya, a jona ta da batir a haska bango. In ka ga haske a kwance da layi sak a samansa, to ita ce. In kuwa ya yi da'ira kamar na tocila, ajiye masa abinsa. Ka kuma tabbatar da wutar motarka: yawancin akori-kura bolt 12 ne, amma wasu Land Cruiser na dizal da manyan motoci bolt 24 suke.

Batun launi, mun fi son rawaya. Manya daga cikinmu sun tuna tsofaffin Peugeot masu rawayar fitila, don kuwa dokar Faransa ce daga 1937 har zuwa 1993. Rawaya ba ta huda hazo kamar yadda 'yan tasha ke faɗa, amma ba ta gajiyar da ido kamar farin nan mai shuɗi-shuɗi.

Na biyu, wurin ɗaurawa. A jikin bamba, ƙasa da manyan fitilu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ɗaya. Kada ta gaza santimita 25 daga ƙasa, kuma mu da ke shiga rairayi da kwazazzabo gara mu ɗan ɗaga fiye da haka. A yi mata mazauni na ƙarfe mai kauri, domin fitilar da ke rawa a kan gargada sai ta hana ka gani.

Na uku, waya, kuma a nan haɗarin yake. Fitila biyu masu wat 55 wat 110 ke nan, wato kusan amfiya 9 a motar bolt 12. Idan mai gyaran waya ya yi ganganci ya laƙa su a jikin wayar ƙananan fitilu, wayar za ta yi zafi ta narke. Ka tuna abin da ke bayanka: busasshiyar harawa da dabbobi a ɗaure. Don haka ka tsaya a kansa ya jawo sabuwar waya mai kauri, wadda suke kira 2.5, kai tsaye daga batir. Ya sa fis mai amfiya 15 dab da batirin. Ya sa rilai, wato ɗan akwatin da ke ɗaukar nauyin wutar, makunnin da ke gabanka umarni kawai yake ba shi. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Fis kuma in ya ƙone a nemi dalili, kada yaron mota ya naɗa masa waya ko takardar sigari.

Na huɗu, saiti. Ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri da dare, ta fuskanci bango, tsakaninsu kamar mita 8. Ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango daidai wannan tsayi. Layin saman hasken ya zauna ƙasa da alamar da kamar santimita 10, faɗin tafin hannu ke nan. Amma a yi saitin da lodi a baya. Akori-kura in ta ɗauki kaya sai bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga, fitilar da aka saita mota ba kowa sai ta koma haska idon mai tahowa.

Na biyar, kada a manta da baya. Ƙura da kashin dabbobi kan rufe jajayen fitilun baya, tirela ta taho ba ta gan ka ba. A riƙa goge su kowace tafiya, in da hali a ƙara jar fitilar hazo guda mai wat 21. Gilashin kuwa da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, busasshe yana karce shi.

Saura magana mafi nauyi, wato gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ita kuwa fitilar hazo ɗan abin da ke gabanka kaɗai take nunawa. Kafin ƙafa ta kai birki ka riga ka cinye mafi yawansa. Ko ka tsira da taka birki da ƙarfi, dabbobi sun hau kan juna, ragon da ya karye kuwa mahauci ne ke yanka masa kuɗi yadda ya ga dama. In hazo ya yi kauri a sauko 30 ko 40, a bar fitila a dim, wato kod, tare da ta hazo. In ya gagara, a sauka daga kan kwalta gaba ɗaya a jira gari ya waye. Sannu ba ta hana zuwa, kasuwa kuma wani mako ma tana ci.

Ranar da sama ta yi garau a kashe ta, kada mu cuci 'yan'uwanmu direbobi, kada kuma mu ba jandarma ko ɗan sanda hujjar tsayar da mu. Muna roƙon duk mai mota ya karanta wa direbansa wannan darasi kafin hunturu ya shigo. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a fatauci.