Tsakanin Ɗakin Bincike da Goyo: Shawara ga Malaman Kimiyya Mata

Tun da aka buɗe Jami'ar Garwa ta Kamaru a 2022, bayan ta Ngaundere (1993) da ta Marwa (2008), 'ya'yanmu mata sun samu damar karatun likitanci da sauran fannonin kimiyya kusa da gida. Sai dai tambayar da nake yawan samu ita ce: yaya mace za ta riƙe bincike, ta kuma riƙe gida?

Tushen matsalar lokaci ne. Shekarun da ake yin digirin dakta da neman ƙarin girma su ne shekarun aure da haihuwa. Kwamitin da ke ƙara wa malaman jami'a girma kuwa maƙalun da kika wallafa yake ƙirgawa. Ga shi gwajin kimiyya ba ya jira: mai binciken auduga ko dawa, idan damina ta wuce ta, sai baɗi.

Na farko, 'yar'uwa, a yi maganar tun kafin ɗaurin aure. Ki fayyace wa mai neman ki da waliyyanki cewa aikin nan akwai kwana a asibiti, da fita ƙauye, da taro a Yawunde. Sharaɗin da aka yi a gaban manya ya fi alkawarin zance ƙarko.

Na biyu, ki raba aikinki gida biyu. Abin da ke buƙatar tsayuwa a ɗakin gwaji ko gona, ki yi ƙoƙarin kammala shi kafin ciki ya tsufa. Lissafi da rubutu ki bar su sai bayan arba'in, tunda ana yin su da kwamfuta a ɗaka. Mai ciki kuma ta sanar da shugaban ɗakin gwaji da wuri, domin a nisanta ta da sinadarai masu cutar da ɗan tayi.

Na uku, ki san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta ba mai haihuwa hutun mako 14, da damar ɗan tsayawa a lokacin aiki don shayarwa har jariri ya kai wata 15. Ki nema a rubuce, ki adana takardar.

Na huɗu, kada ki ji kunyar neman taimako. Uwa, uwar miji ko ƙanwa, a tsara wa kowa ranarta, a kuma kyautata musu. Maigida shi ma ya ɗauki kai yara makaranta da asibiti.

A ƙarshe, ki nemi uwar ɗaki a fagen ilimi. Farfesa Rose Leke, masaniyar zazzaɓin cizon sauro, ta kafa ƙungiyar HIGHER Women domin manyan masu bincike su riƙa jan ƙanana. Farfesa Uphie Chinje Melo kuwa ta zama shugabar Jami'ar Ngaundere a 2017. Ƙungiyar OWSD na ba matan ƙasashe masu tasowa tallafin bincike, sai ki duba sharuɗɗanta. Shekarar da kika haihu, ko maƙala ɗaya kika fitar, ta isa ta riƙe sunanki a fagen.