Kada Ku Gyara Wa Yaro Launin Dainoso Mai Ƙaho Uku

Iyaye da malaman firamare da dama suna buga wa yara zanen Triceratops, dainoson nan mai ƙaho uku, su ba su fensir mai launi su cika. To amma da zarar yaro ya shafa ja ko shuɗi, sai babba ya karɓe takardar ya ce ba haka dabbar take ba, kore ce ko toka-toka. Wannan gyara ba shi da tushe, kuma yana kashe wa yaro gwiwa a banza.

Abin da masana suka tabbatar shi ne siffar dabbar. Ta rayu a yammacin Amurka ta Arewa kimanin shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, kuma Othniel Marsh ne ya raɗa mata suna a 1889. Tsawonta yakan kai mita 8 zuwa 9. Tana da dogayen ƙahoni biyu a saman idanu da gajere ɗaya a kan hanci, da faffaɗan ƙashi a bayan kai, da baki irin na aku wanda take tsinke tsirrai da shi. An ma samu shatin fatarta a jikin dutse. Launinta kuwa ƙasusuwa ba sa adana shi, saboda haka koren da ake gani a littattafai da finafinai zaɓin mai zane ne kawai. Wanda ya hana yaro ja ya tilasta masa kore, hasashen wani baƙo ya ɗora masa a matsayin ilimi.

Wani zai ce ai kimiyya ta fara gano launin waɗannan dabbobi. Haka ne, amma a kaɗan daga cikinsu. A 2016 an nazarci fatar Psittacosaurus, wani ƙaramin danginta daga Sin, aka ga bayansa ruwan ƙasa ne, cikinsa kuma ya fi haske. Wannan abin sha'awa ne da ya kamata a gaya wa yaron da ya ɗan tasa, har a ce ya gwada haka a zanensa. Sai dai shaidar wata dabba ce daban, ba za ta zama hukunci a kan Triceratops ba. Masu ganin shafa launi ɓata lokaci ne kuma, su lura cewa riƙon fensir da sarrafa yatsu da ido a tare su ne ginshiƙin rubutu.

Inda ya kamata babba ya sa ido shi ne zaɓen zanen. A duba ƙahoni uku ne, dabbar na tsaye a kan ƙafa huɗu, jelarta ba ta jan ƙasa. A guji zanen da ya haɗa ta da mutum, domin ta ƙare tun miliyoyin shekaru kafin zuwan ɗan Adam. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar zane mai kaurin layi da manyan gurabe, da abin shafa launi mai kauri wanda ba shi da guba, tunda yara kan kai shi baki. In ya tsallake layi a ƙyale shi, hannu ne bai gama faɗawa ba. Manya da samari su nemi zane mai ƙananan gurabe, wanda ke neman natsuwa, kuma babu abin kunya ga magidanci ya zauna da tasa takardar kusa da 'ya'yansa.

Idan yaro ya tambaya ko an taɓa yin irinta a ƙasarmu, a faɗa masa gaskiya: Triceratops ba ta rayu a Afirka ba, amma an tono wasu dainoso kamar Nigersaurus da Ouranosaurus a Gadufawa da ke Nijar. Ku koya masa siffa daidai, ku bar masa zaɓin launi.