Darasin Wannan Wata: Baƙon Kifi a Cikin Kogi

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyi da dama sun fara haƙa tafkunan kiwon kifi a bakin fadama, waɗansu kuma suna shiri. Abu ne mai kyau. Amma kafin ku sayi 'ya'yan kifi ku zuba, ina so mu yi nazarin abin da ya sami waɗansu ƙasashe sa'ad da aka kai musu kifin da ba na ruwansu ba.

A Amurka akwai wani kifi da ake kira bas. Masu fatsa suna sonsa ƙwarai, gama idan ya haɗiye ƙugiya yakan yi tsalle, ya yi kokawa da mai kamun. Yawancin masu kama shi ba don miya suke yi ba, nishaɗi ne. Domin wannan nishaɗi aka kai shi Afirka ta Kudu, mai babban baki a 1928, mai ƙaramin baki kuwa a 1937. Mai ƙaramin bakin ya fi son ruwa mai gudu da duwatsu, saboda haka ya ji daɗin kogin Olifants da rassansa, a yammacin ƙasar.

Ku lura da halinsa. Namijin yakan share wuri cikin tsakuwa, macen ta yi ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su fara yawo. Don haka 'ya'yansa da yawa sukan rayu. Da sun ɗan tasa sai su shiga cin ƙananan kifaye da ƙaguwa da ƙwarin ruwa. A waɗannan rafuffuka akwai waɗansu ƙananan kifaye masu jan fiffike, tsawonsu kamar yatsa ko ya ɗan fi, waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Tun asali ba su taɓa zama da babban kifi mai farauta ba, ba su iya ɓuya ba, ga ruwan kuwa garau, kome a fili. Kamar a saki muzuru ne cikin 'yan tsaki. Duk inda bas ya kai, sai aka neme su aka rasa. Inda suka tsira shi ne can bisa tuddai, bayan gangaren ruwa mai tsawo wanda bas ba ya iya hawa.

Gyaran fa? A 2012 da 2013 hukumar kula da daji ta wannan lardi ta ɗauki wani rafi da ake kira Rondegat, ta zaɓi kilomita 4 kacal. Sai da aka fara ɗaga madatsar da ke ƙasa domin kada bas ya sāke hawowa, sa'an nan aka zuba maganin kashe kifi, irin dafin nan da ke cikin magimfa. Aka kashe bas ɗin, ƙananan kifayen da ke bisa suka gangaro suka sāke cika wurin. An yi nasara, amma ku duba yawan shiri da kuɗi da ma'aikata a kan kilomita 4, alhali kogin yana da tsawon ɗaruruwan kilomita. (Kada wani ya ce malamin gona ya yarda a zuba magimfa ko maganin feshi a rafi. Dokar Nijeriya ta 1992 ta hana su da guba.)

Wataƙila wani zai ce, ai wannan kifin Turawa ne, ina ruwanmu? To, ga labarin namu. Giwan ruwa ɗan gida ne a Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, shi ne kuma ake alfahari da shi a bikin Argungu. A nan bai ƙarar da karfasa ko kurungu ba, domin sun daɗe tare, kowa ya san maɓoyarsa. Amma a Tafkin Biktoriya, wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, babu shi a dā. An fara zuba shi a wajen 1954, aka ƙara a 1962 da 1963. Shekara ashirin da wani abu ba a ga wata ɓarna ba, har mutane suka saki jiki. Bayan 1980 sai ya cika tafkin. A dā akwai ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500 a ciki. Masana sun ƙiyasta kusan iri 200 sun ɓace, ko da yake dattin ruwa da yawan su ma sun taimaka.

Gaskiya giwan ruwa ya kawo kuɗi. An gina masana'antu ana yanka shi ana kaiwa Turai. Sai dai mu tambaya, wa ya ci ribar? Mai ƙaramin kwalekwale da tsohuwar koma ba ya iya kama kifin da ya kai nauyin mutum. Matan da suka saba shanya ƙananan kifi a rana suka tarar wannan yana da kitse, ba ya bushewa sai an banda shi, banda kuwa sai da itace, aka yi ta sare itatuwan gaɓa. A ganina wannan ne ya fi zafi: kifin da talaka ke sa wa a miya ya yi wuya a bakin ruwan da ya cika da kifi.

Yanzu mu komo kan tafkunanmu. Tafkin da ke bakin fadama ba rufaffen ɗaki ba ne. Ruwan Agusta ɗaya ya isa ya tsallake ganuwa ya kwashe kifinku zuwa kogi, abin da ya shiga kogi kuwa ba ya komowa. Saboda haka ku zuba irin da kuka san akwai shi a ruwan yankinku, kamar karfasa da tarwaɗa. Ku ɗaga ganuwar ta wuce inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Tsofaffin gari za su nuna muku wurin. Ku sa raga mai ƙananan idanu a bakin bututun da ruwa ke fita, a riƙa dubawa kowane mako da damina. Idan ɗan kasuwa ya zo da 'ya'yan kifi ya ce sabon iri ne daga waje mai saurin girma, kada ma'aji ya fid da kuɗin ƙungiya sai jami'in kifi na ma'aikatar gona ya gani. Dokar nan ta 1992 ta hana shigo da kifi mai rai ba tare da izini ba.

A taronku na gaba, ku gayyaci tsohon masunci ɗaya ko biyu. Ku roƙe su su lissafa kifayen da suke kamawa suna samari, magatakarda ya rubuta, sa'an nan a ja layi ƙarƙashin waɗanda ba a ƙara gani ba. Ku kuma tattauna wannan: idan ganuwar tafkinku ta fashe bana, ina ruwan zai bi, wane ƙauye ne kuma ke su a can?